Fitilar inji da gwajin hayaƙi: abin da ke kayar da mota da yadda ake gano matsalar

A cibiyoyin duba lafiyar motoci na Faransa, Beljiyam, Ingila da jihohi da dama na Amurka, mota tana iya faɗuwa gwajin hayaƙi alhali tana tashi da bugu ɗaya, tana gudu lafiya, salansarta kuma ba ta fitar da wani hayaƙin da ido zai gani. Abin da ke kayar da ita sau da yawa ƴar fitila ce ruwan ɗorawa mai siffar inji da ke kunne a allon gaban direba. Masu magana da Faransanci suna ce mata voyant moteur, a motocin Amurka kuma akan ga an rubuta Check Engine a jikinta. Ga direban da ke zaune a waɗancan ƙasashe, kunnuwar fitilar tana nufin sai ya gyara ya sake komawa kafin a ba shi takarda. Ga mai mota a Yamai, Maraɗi, Garwa ko Injamena kuwa, maganar ta shafe shi ta wata fuska, domin galibin motocin da ke yawo a titunan waɗannan birane daga can aka kwaso su ta tashoshin jiragen ruwa na Kotonu, Lome da Duwala, kuma wasunsu an rabu da su ne daidai lokacin da kuɗin gyaran wannan matsala ya fi ƙarfin darajar motar.

Rahoton da hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2020 ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018 Tarayyar Turai, Amurka da Japan sun fitar da ƙananan motoci na hannu kusan miliyan 14 zuwa ƙasashen waje, kuma kashi 40 cikin 100 Afirka suka nufa. A shekarar ce kuma ƙungiyar CEDEAO ta amince cewa daga Janairun 2021 motocin da ake shigowa da su yankin su cika ƙa'idar hayaƙi ta Euro 4.

Abin da fitilar ke faɗa

Tun daga 1996 dokar Amurka ta wajabta wa kowace ƙaramar mota tsarin da ake kira OBD-II, wato ƙwaƙwalwar mota ta riƙa sa wa injin ido tana adana duk wani kuskure da ta gano. Turai ta bi sahu da nata tsarin mai suna EOBD, wanda ya hau kan sababbin motocin fetur a 2001, na dizal kuma a 2004. Asalin manufar tsarin ba kare injin ba ne, kare iskar da mutane ke shaƙa ne. A ƙa'idar Amurka, fitilar tana kunna idan ƙwaƙwalwa ta ga alamar cewa gurɓataccen hayaƙin motar zai iya ninka ƙimar da aka yarda da ita sau ɗaya da rabi. Shi ya sa mota ke iya ci gaba da aiki wata da watanni da fitila a kunne, mai ita yana cewa ai ba abin da ya same ta. Injin bai damu ba tukuna, amma hayaƙin da aljihu sun riga sun fara biya.

Fitilar tana da hali uku. Idan an murɗa makulli ba a tayar da inji ba, dole ta kunna na ɗan lokaci, sannan ta mutu bayan inji ya tashi. Wannan gwajin ƙwan fitilar ne, kuma motar da ba ta yin haka akwai abin da ake ɓoyewa. Idan ta tsaya a kunne inji na aiki, akwai lambar kuskure da aka adana, ana iya tuƙa motar zuwa gareji ba tare da gaggawa ba. Idan kuwa tana ƙyaftawa, wata silinda ce ba ta ƙona mai yadda ya kamata, ɗanyen fetur na kwarara cikin salansa yana ƙonewa a can, kuma cikin ɗan lokaci zai iya narkar da matatar hayaƙi. A wannan hali rage gudu da tsayawa shi ne daidai.

Yawancin kurakurai ba sa kunna fitila a karon farko. Ƙwaƙwalwa takan ajiye lambar a matsayin wadda ake zargi, sai ta sake ganin matsalar a tafiya ta biyu kafin ta kunna. Haka kuma idan matsalar ta ɓace, fitilar na mutuwa da kanta bayan tafiya uku a jere ba kuskure, amma lambar tana zama a ajiye har sai inji ya yi zafi ya huce sau 40. Wannan ne ke sa direba ya ga fitila ta zo ta tafi, ya ɗauka ta gaji ne.

Abin da masu gwaji ke aunawa

A Faransa, mota tana zuwa contrôle technique na farko kafin ta cika shekara 4, daga nan kuma duk bayan shekara 2. Tun 20 ga Mayun 2018 aka kasa kurakurai gida uku: ƙarami, babba, da mai haɗari. Babban kuskure yana nufin a gyara a dawo cikin wata 2, mai haɗari kuma yana nufin takardar ba ta wuce ranar da aka yi gwajin ba. Babbar matsala da tsarin OBD ya nuna tana cikin rukuni na tsakiya. Ingila ma a wannan rana ta sa fitilar inji cikin manyan kurakuran da ke kayar da mota a gwajinta na MOT. A Kalifoniya, inda aka fara gwajin hayaƙi a 1984, motar fetur da aka ƙera daga shekarar 2000 ba a ma auna salansarta, ana jona kwamfuta ne a tambayi ƙwaƙwalwar motar, a kuma duba da ido ko kayan hayaƙi na nan.

A Turai ana haɗa biyun. Ga motar fetur mai matatar hayaƙi da aka yi wa rajista bayan Yulin 2002, iskar kabon monoksaid ba za ta wuce kashi 0.3 cikin 100 ba idan inji na silo, sannan kashi 0.2 idan an taka totur ya kai aƙalla juyi 2000 a minti. Akwai kuma adadin da ake kira lambda, wanda ke nuna daidaiton iska da mai. Injin fetur yana buƙatar kusan giram 14.7 na iska ga kowane giram ɗaya na mai, kuma idan aka samu haka lambda ta zama 1. Gwajin yana karɓar daga 0.97 zuwa 1.03. Takardar da aka ba mai mota bayan ya faɗi tana ɗauke da waɗannan alƙaluma, kuma makaniken da ya iya karanta su ya ci rabin aikin. Kabon monoksaid mai yawa tare da lambda ƙasa da 1 yana nufin mai ya yi wa iska yawa. Kabon monoksaid mai yawa alhali lambda tana daidai yana nuna matatar hayaƙi ta gaji. Lambda sama da 1.03 ba tare da wata matsala ba kuwa, sau tari huda ce a jikin salansa take jawo iska daga waje tana ruɗa na'urar gwaji, abin da mai walda zai toshe cikin rabin awa.

Ga dizal, duhun hayaƙi ake aunawa yayin da aka taka totur har ƙasa. Wasu ƙasashe sun ƙara da ƙirga ƙwayoyin toka masu ƙanƙanta da ido ba ya gani: Beljiyam ta fara a Yulin 2022, Holan a Janairun 2023, Jamus a Yulin 2023. Wannan sabon gwaji yana tona motocin da matatar tokarsu ta tsage ko aka cire ta.

Karanta lambar kafin sayen kaya

Kowace mota mai OBD tana da soket mai ƙafa 16 a ƙarƙashin allon gaba, kusa da sitiyari. Nan ake jona na'urar karanta kuskure, wadda makanikai a Nijar da Kamaru ke kira valise, a Najeriya kuma sikana. Akwai ƙanana masu haɗuwa da wayar salula, kuma don karanta lambobin inji kawai sun isa.

Lambar tana da harafi ɗaya da alƙaluma huɗu. Harafin P na inji ne da giya, B na jikin mota, C na ƙafafu da birki, U kuma na sadarwa tsakanin kwamfutocin motar. Idan sifili ya biyo harafin, ma'anar lambar ɗaya ce a Toyota, Peugeot ko Mercedes. Idan 1 ne, kamfanin ne ya ba ta tasa ma'anar. Tare da lambar, ƙwaƙwalwa tana adana yanayin da injin ke ciki lokacin da kuskuren ya faru: zafin ruwa, gudun mota, juyin inji, nauyin da ke kansa. Ya kamata a rubuta ko a ɗauki hoton wannan bayani kafin a taɓa komai, domin gogewa ɗaya ke shafe shi.

Kuskuren da ya fi cinye kuɗin masu motoci shi ne ɗaukar lambar a matsayin sunan kayan da za a saya. Lambar tana faɗin wurin da ƙwaƙwalwa ta ga alamar rashin daidai ne kawai. Idan ta ambaci sensan oksijin, mai yiwuwa sensan lafiyarsa lau, gaskiya ya faɗa game da matsalar da ke wani wuri, ko kuma ɓera ne ya ci wayarsa.

Lambobin da suka fi yawa

P0420 ita ce wadda masu motoci suka fi tsoro, saboda tana cewa matatar hayaƙi ba ta aiki yadda ya kamata. Matatar, wadda ake kira catalyseur da Faransanci, makanikan Najeriya kuma suka raɗa mata indomi saboda ƴan ramukan cikinta, tubali ne na yumɓu da aka shafe da ƙarafa masu tsada: filatinam, faladiyam da rodiyam. Idan ta yi zafi kusan digiri 300 sai ta fara mayar da iska mai guba zuwa marar guba. Ƙwaƙwalwa tana gane lafiyarta ta hanyar kwatanta sensa biyu, ɗaya kafin matatar, ɗaya bayanta. Na gaba yana hawa da sauka koyaushe tsakanin kusan 0.1 da 0.9 na bolt a motocin da ke da tsohon nau'in sensa. Na baya ya kamata ya kasance a natse. Ranar da na baya ya fara kwaikwayon na gaba, ƙwaƙwalwa sai ta yanke cewa matatar ta daina riƙe oksijin.

Kafin a saye sabuwa, akwai tambayoyi biyu. Ta farko, ko akwai huda a salansa kusa da sensa, ko sensan baya ya tsufa, domin duka biyun suna iya kawo wannan lamba a kan matata mai lafiya. Ta biyu ta fi muhimmanci: me ya kashe ta? Matatar hayaƙi ba ta cika mutuwa da kanta ba. Ko ɗanyen fetur ne ya ƙona ta saboda fulogi da koyil sun daɗe da lalacewa, ko inji na shan baƙin mai sinadaran cikinsa suka lulluɓe ta, ko ruwan lagireto na shiga silinda ta gasket ɗin kai. Wanda ya sa sabuwa bai magance sanadin ba, zai sake saye. Ruwan wanke matata da ake zubawa a tanki yana iya ɗan taimaka wa wadda ta yi datti kaɗan, amma ba ya tayar da wadda ta narke ko ta farfashe. Irin wannan ana jin ta tana kwaramniya idan an bubbuga salansa.

P0171 tana nufin iska ta yi wa mai yawa, P0172 kuma akasin haka. A nan ana duba adadin gyaran da ƙwaƙwalwa ke yi wa man da take turawa, wanda na'urar karanta kuskure ke nunawa da kashi cikin ɗari. Inji mai lafiya ba ya wuce kashi 10 sama ko ƙasa. Idan adadin ya yi sama sosai a silo amma ya sauka da an taka totur, iska ce ke shiga ta ɓarauniyar hanya, ta tsagaggen tiyo ko gasket. Idan kuwa yana ƙaruwa ne lokacin da inji ke ɗaukar nauyi, to mai ne ba ya isa, sai a duba famfon mai, filtarsa da nozul, ko kuma sensan auna iska da ke bayan filta ya yi datti yana ƙirga ƙasa da abin da ke shiga. Wannan sensa siririyar waya ce mai zafi, ana wanke ta da feshin da aka yi dominta, ba a goga ta da tsumma ko a hura mata iskar famfo.

Lambobin P0300 zuwa P0308 na silindar da ke tsallake wuta ne, kuma alƙalamin ƙarshe shi ne lambar silindar, sai P0300 da ke nufin ba a silinda ɗaya ba ne. Hanyar gano mai laifi ba ta buƙatar kuɗi. A ɗauke koyil na silindar da ake zargi a musanya shi da na maƙwabciyarta. Idan lambar ta bi koyil, an gano. Idan ta tsaya, a yi haka da fulogi, wanda a Nijar ake ce wa buji, sannan nozul. Idan duk ba su ba ne, sai a auna matsin silinda, kuma a nan ne labarin ke iya zama na bawul ko ringi.

Lambobin P0442, P0455 da P0456 na tururin fetur ne da ke tsiyaya daga tanki, kuma an fi ganin su a motocin da aka ƙera wa kasuwar Amurka. Sau da yawa murfin tanki ne ba a ɗaure ba ko robarsa ta bushe.

P0128 kuwa ta cancanci a tsaya a kanta, domin tana da alaƙa da wata al'ada ta garejin Afirka ta Yamma. Lambar tana cewa inji ba ya kai zafin da ya kamata. Makanikai da yawa suna cire tamostat daga motar da ta zo daga Turai, su kuma haɗa fanka kai tsaye, da hujjar cewa an yi shi ne don ƙasashen ƙanƙara. Injin zamani an tsara shi ya yi aiki a kusan digiri 90 ko a Oslo ko a Agadas. Idan aka hana shi kai wa nan, ƙwaƙwalwa tana ɗauka har yanzu safiya ce, ta ci gaba da tura mai fiye da kima. Sakamakon shi ne shan mai, baƙin fulogi, fetur da ke gauraya da baƙin mai, da matatar hayaƙi da ke mutuwa a hankali. Motar da ke zafi fiye da kima tana da dalilinta, ko lagireto ya toshe, ko fanka, ko famfon ruwa, ko shi tamostat ɗin ya maƙale a rufe yana buƙatar sabo.

Motocin dizal

A dizal abubuwa uku ne ke yawan kunna fitila. Na farko bawul ɗin EGR, mai mayar da wani ɓangare na hayaƙi cikin inji don rage iskar naitrojin oksaid. Toka na toshe shi, lambar P0401 ta fito, kuma wankewa kan wadatar. Na biyu matatar toka, wadda Faransawa ke kira FAP, da ta zama dole a aikace tun ƙa'idar Euro 5 ta 2009. Tana tara toka ne sannan ta ƙone ta a kusan digiri 600, abin da ba ya yiwuwa sai motar ta yi tafiya mai ɗan nisa ba tsayawa. Motar da aikinta kai yara makaranta da zuwa kasuwa ne kawai ba ta samun wannan dama. Idan toshewar ba ta yi nisa ba, tafiyar minti 20 zuwa 30 a babban titi tana buɗe ta. Idan ta yi nisa sai a tilasta ƙonewar da kwamfuta ko a cire a wanke. Irin wannan inji yana kuma buƙatar baƙin mai marar toka da yawa, mai alamar ACEA C a jikin galan. Na uku ruwan AdBlue na yawancin motocin Euro 6, wanda cakuɗar yuriya ce kashi 32.5 cikin 100 da tataccen ruwa. Idan ya ƙare, motar tana ƙirga wa direba kilomita, daga ƙarshe ta ƙi tashi.

Cire FAP ko toshe EGR tare da sauya manhajar ƙwaƙwalwa abu ne da ake yi a ko'ina, amma a Faransa laifi ne da tararsa ke iya kai wa yuro 7,500.

Goge lamba ba gyara ba ne

Dabarar da kowa ya sani ita ce a cire kan batir ko a goge lambar da na'ura, fitila ta mutu, a ruga wurin gwaji. Masu tsara OBD sun hango haka. Ƙwaƙwalwa tana da jerin gwaje-gwajen da take yi wa kanta, na matatar hayaƙi, na sensan oksijin, na tururin fetur, na EGR da sauransu, kuma gogewa tana mayar da su duka matsayin ba a kammala ba. A Amurka, ƙa'idar tarayya ta yarda da biyu da ba a kammala ba ga motocin 1996 zuwa 2000, ɗaya kacal ga na 2001 zuwa sama. Fiye da haka sai a sallami motar ko da fitila a kashe take. Motocin Amurka daga 2010 suna ma da lambar dindindin wadda ba ta goguwa da na'ura ko da cire batir, sai ƙwaƙwalwa da kanta ta tabbatar an gyara.

Wannan yana kama har mutumin da ya yi gyara na gaskiya, ko wanda batir kawai ya sauya. Maganinsa tuƙi ne iri-iri na ƴan kwanaki: a tayar da inji da sanyi bayan ya kwana, a bar shi ya yi silo na ƴan mintuna, a yi tafiya a babban titi da gudu ɗaya tsakanin kilomita 80 da 100 a awa na minti 10 zuwa 15, a saki totur motar ta rage gudu da kanta ba birki, sannan a shiga gari a yi tafiyar tsaya-tashi. Gwajin tururin fetur ba ya gudana sai tanki na tsakanin kashi 15 da 85 cikin 100, don haka cika tanki maƙil ko tafiya da ɗigo yana jinkirta shi. Kowane kamfani yana da nasa tsarin, kuma ƙaramar na'urar nan ta wayar salula tana nuna waɗanda suka kammala, ba sai an je an biya kuɗin gwaji a gano ba.

Bayan motar ta sauka a Kotonu

Motar da ta iso yankin Sahel tana gamuwa da abubuwan da ba a tsara ta dominsu ba. Na farko sinadarin salfa a cikin mai. Turai ta sauko da shi zuwa kashi 10 cikin miliyan tun 2009, yayin da rahoton ƙungiyar Public Eye ta Suwizalan na 2016 ya gano dizal da ake sayarwa a wasu ƙasashen Afirka ta Yamma yana ninka wannan ɗaruruwan sau. Matakin CEDEAO na 2020 ya sa iyakar kashi 50 cikin miliyan ga man da ake shigowa da shi. Salfa yana rage ƙarfin matatar hayaƙi, yana kuma saurin toshe FAP. Fetur mai dalma, wanda ke kashe matata gaba ɗaya, ƙasashen kudu da Sahara sun bar shi tun 2006. Sai man kwalba na bakin hanya, kpayo a Benin, zoua-zoua a arewacin Kamaru, wanda kan zo da ƙura, ruwa ko gaurayen kananzir, kuma nozul da famfon mai ne ke fara ɗanɗana kuɗarsa.

Na biyu ƙurar hunturu. Filtar iska da littafin mota ya ce ta yi dubban kilomita a Turai ba ta kai rabin haka a hanyar Damagaram zuwa Difa. Kakkaɓe ta da iskar famfo mai ƙarfi yana yaga takardar, ƙura ta wuce kai tsaye zuwa sensan auna iska da silinda.

Na uku hannun ɗan Adam. Saboda tsadar ƙarafan da ke cikinta, ana fasa matatar hayaƙi a kwashe cikinta a mayar da kwanon fanko, wani lokaci tun kafin motar ta bar Turai, wani lokaci a tashar jirgin ruwa, wani lokaci kuma a garejin da aka kai ta gyaran wani abu daban. Hukumar sa ido kan sufuri da muhalli ta Holan ta ba da rahoto a 2020 cewa yawancin tsofaffin motocin da ake fitarwa daga ƙasar zuwa Afirka ba su da takardar gwaji mai aiki, kuma a wasu an cire matatar. Don fitila kada ta tona, akan cire ƙwanta, a liƙe ta da baƙin tef ta ciki, ko a haɗa wayarta da fitilar baƙin mai yadda za su kunna su mutu tare. Mai saye yana iya kare kansa cikin minti biyar. Ya murɗa makulli ya ga ko fitilar ta kunna, ya jona na'ura ya ga ko ƙwaƙwalwa ta ce fitila a kunne take alhali allo bai nuna ba, ya kuma duba gwaje-gwajen nan. Idan duk ba a kammala su ba, an goge lambobi ko an cire batir kwanan nan, kuma tambayar dalili hakkinsa ne kafin a yi ciniki. Motar da aka kwashe wa matata tana da ƙara mai kauri da warin fetur a bayanta, kuma ana ganin alamar sabuwar walda a kwanon.

Ko a inda jami'an visite technique suka fi mayar da hankali kan birki, taya da fitilun waje, barin fitilar inji a kunne yana da wata illa da ba a cika lura da ita ba. Fitila ɗaya ce ga ɗaruruwan lambobi. Idan ta shekara a kunne saboda murfin tanki, ranar da babbar matsala ta zo ba ta da hanyar sanar da direba.

Ranar komawa gwaji

Wanda ya gyara yana shirin komawa, ya tabbatar fitilar tana kunna da makulli tana mutuwa da inji, ba sabuwar lamba a jerin waɗanda ake zargi, kuma gwaje-gwajen ƙwaƙwalwa sun kammala. Baƙin man da ya daɗe, wanda fetur ya gauraya da shi tun lokacin da injin ke da matsala, gara a juye shi, domin tururinsa yana komawa cikin silinda ya ɗaga alƙaluma. A tuƙa motar minti 20 kafin a isa don matatar ta yi zafi sosai, dizal kuma a ɗan matsa mata a babban titi ta zubar da tokar da ta taru a salansa. A tafi da takardar gwajin farko da rasiɗin gyara. A Faransa, wanda ya bari wata 2 ɗin suka wuce sai ya sake cikakken gwaji daga farko da sabon kuɗi, kuma tuƙi ba takarda mai aiki tararsa yuro 135 ce.